Hanyar da za ta kai likita ita za ta fito da gungume

Kawuna ya shafe shekaru yana fataucin goro kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi a Jos. Har yau idan ya ce Kurmi, Kudu yake nufi baki ɗaya, ƙasar da itatuwa suka rufe sama, inda goro ke fitowa. Wata rana muna zaune a rumfarsa yana yayyafa wa huhu ruwa, sai na tambaye shi, "Kawu, a duk zuwan da ka yi, ka taɓa kwana a ƙauyen da ake tsinko goron nan?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, mu iyakarmu bakin kwalta. Daga nan a kai ake kawo mana."

Hausawa mun daɗe muna cin arzikin kurmi. Tun ƙarni na 15 ake ambaton hanyar Gwanja, wadda fatake ke bi watanni daga Kano zuwa arewacin ƙasar da ake kira Ghana a yau, su dawo da goro a bayan jakuna. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a wannan fatauci suka yi suna, kuma Alhassan Ɗantata ma da goro ya kafu. Masoro da kimba da ake daka wa mai jego yaji 'ya'yan kurmi ne. Haka namijin goro, haka manja, haka yawancin katakon da kafinta ke saye a kasuwar Katako ta Jos ko a Dei-Dei ta Abuja. Kayan mun san su sarai. Mutumin da ya ɗauko su a kansa ya yi tafiyar wuni kafin ya iso kwalta ne ba mu sani ba, kuma idan an ambace shi, ko dai a raina shi a ce mutumin daji ne, ko a yi masa ƙyashi a ce Allah ya ajiye shi inda komai ke tsirowa ba wahala.

Mai son ganin irin wannan ƙauye ba sai ya je Amazon ko Kwango ba. Ya tashi daga Jos ya bi Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Gboko, ya gangara Ogoja da Ikom a jihar Kuros Riba, wadda ake ƙiyasta cewa tana riƙe da kusan rabin abin da ya rage na kurmin Najeriya. A can ne gandun dajin ƙasa na Kuros Riba yake, wanda aka kafa a 1991, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,000 a sassa biyu, Oban a kudu da Okwangwo a arewa. Sashen Oban yana maƙwabtaka da gandun Korup na Kamaru, na Okwangwo kuma da Takamanda. A tsaunukan Oban ruwan sama na shekara yakan haura milimita 3,000. Jos da muke kuka da ruwan watan Agusta kusan 1,400 take samu, Kano kuwa galibi ba ta kai 1,000 ba. Damina a can tana kamawa tun Maris, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba.

Wannan ruwa shi ke tsara komai. Manyan itatuwa suna kai mita 40, wasu su zarce, rassansu su haɗe, har hasken da ke isa ƙasa bai fi kashi 2 cikin 100 ba. Gindinsu yana fitar da fukafukai irin na tsohon rimin Zariya, saboda saiwarsu ba ta nitsawa can ƙasa, yaɗuwa take yi a sama-sama. Nan ne baƙo ke yi wa rogo kallon kitse. Yana ganin duhun ganye ya ɗauka ƙasar ta fi fadama albarka, alhali abincin tsiron yana cikin itatuwan ne da kuma siririn shimfiɗin ruɓaɓɓen ganye da ke saman ƙasa. Zafi da laima suna ruɓar da ganye cikin makonni, saiwoyi su tsotse nan take. Da zarar an sare itatuwan an ƙona, tokar za ta ciyar da gona shekara biyu ko uku, sannan ruwa ya wanke sauran, a bar jar ƙasa mai tsami. Shi ya sa tun kaka da kakanni manomin kurmi yake sheme wuri kaɗan, ya noma, ya bar shi saura na shekaru har daji ya mayar, ya koma wani. Dabarar tana aiki muddin mutane kaɗan ne, daji kuma da yawa. Idan jama'a ta ƙaru aka rage shekarun hutun, ƙasa ta gaji, sai a nufi tsohon kurmin da ba a taɓa sa wa gatari ba.

Bahaushe zai lura da rashin abu biyu da ya shiga ƙauyen: rumbu da jaki. Gero da dawa ba sa son wannan laima, kuma hatsin da aka ajiye fumfuna yake yi. Abincinsu rogo ne da agada da gwaza da doya da ayaba, kuma gonar ita ce rumbun, don rogo yana iya zama cikin ƙasa watanni bayan ya nuna, a riƙa tono daidai bukata. Abin da ba a iya bari a ƙasa, nama ko kifi, sai a yi bandarsa a kan hayaƙi, tunda rana ba abin dogaro ba ce. Jaki kuwa, da doki da shanunmu masu tozo, tsando ne ya hana su zama. Cizonsa ke kawo sammore, cutar da har yau ake bincike a kanta a cibiyar da ke Kaduna mai reshe a Vom, nan kusa da mu. Ƙananan shanun muturu ne kawai ke jurewa, su kuma ba sa huɗa ba sa dako. Ƙasar da babu dabbar ɗaukar kaya, wuyan mutum ne amalanke. Buhun siminti, bandir ɗin kwano, janareta, duk wanda ka gani a irin wannan ƙauye, wani ne ya ɗauko shi a kai, ya tsallake rafuka da shi. Kuma ƙasar da babu garke, daji ne mahauta: gada, beguwa, birai, kifin rafi, katantanwa. Wanda ke Allah wadai da cin naman daji daga Abuja, bayan ya ci tsire a Wuse, ya kamata ya fara sanin wannan.

Kuɗi kuma daga ina? Da damina mata da yara suna shiga daji tsintar ogbono, ƙwayar wani mangwaron daji da ake fasawa a busar, wanda ake sayarwa da mudu a kasuwannin Jos da Abuja. Akwai afang, ganyen wani tsiro mai yaɗo da ke hawa itatuwa, wanda Igbo ke kira okazi, mutanen Kamaru kuma eru. Akwai namijin goro da zuma da icen asuwaki. Sama da duka akwai koko, wanda Kuros Riba ke cikin jihohin da suka fi nomawa a bayan Ondo, musamman wajen Ikom da Etung da Boki. Matsalar ba ta samun kaya ba ce. Duk abin da aka samu sai an biya ɗan dako ko ɗan acaba mai ƙarfin hali ya fitar da shi, don haka ɗan ƙauyen yana sayar da nasa da araha, ya sayi gishiri da kananzir da magani da tsada. Ayaba da agada da ba sa jira sukan ruɓe a gona idan rafi ya cika. Dillalin da ya iya shigowa shi ke yanka farashi, kuma sau da yawa shi ne ya ba da bashin maganin feshi tun farkon damina, a kan za a biya shi da koko.

Wannan lissafin asarar kuɗi ne kawai. Mace mai doguwar naƙuda, ko manomin da maciji ya sara, sai a ɗaure bargo a jikin gora, samari su ɗauka, su yi sa'o'i a tafe. Zazzaɓin cizon sauro ba ya yankewa a shekara, saboda babu ranin da zai busar da kududdufai. Baƙin ƙudan da ke hayayyafa a rafuka masu gudu yana yaɗa makantar kogi. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura yakan sa hannu a takarda ya koma birni, kuma ban cika ganin laifinsa ba. Saboda haka idan ka tambayi mutanen irin wannan gari abin da suke so, ba za su fara da wuta ko sabis na waya ba. Hanya za su ce.

To amma icen iroko da ya shekara ɗari a tsaye ba kuɗi ba ne sai akwai yadda za a fitar da shi. Rashin hanya shi ne ya yi gadin kurmin da ya rage, fiye da kowace doka. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan Amazon na Brazil ya gano cewa kusan kashi 95 cikin 100 na dajin da aka sare yana cikin tazarar kilomita 5.5 daga hanya, ko kilomita 1 daga kogin da jirgi ke bi. Dalilin bai da wuyar ganewa. Da an fasa hanya, mai injin yankan katako ya shigo, mafaraucin kasuwa ya shigo da harsashi, baƙon manomi ya shigo neman fili, filin da jiya ba shi da farashi ya zama abin sayarwa. Motar da ta shigo da ungozoma ba ta fita wayam. 'Yan katako sun san wannan ƙishirwa, shi ya sa tayinsu ga ƙauye kusan iri ɗaya ne ko'ina: ku ba mu daji, mu yi muku hanya. Hanyar da suke yi ta fitar da gungume ce, gadojinta na itace, damina biyu ko uku ta cinye su bayan an kwashe manyan itatuwa.

Ƙauyukan da suka faɗa tsakiyar gandun daji su ne gaba kura baya sayaki. Okwangwo da Okwa ta ɗaya da ta biyu, a ƙaramar hukumar Boki, suna nan tun kafin a shata iyakar gandun, haka Mkpot a sashen Oban. Lokacin kafa gandun an yi maganar tayar da su zuwa wani wuri, da kuma ayyukan raya ƙauyukan da ke kewaye, amma tashin bai yiwu ba, yawancin alkawuran kuma suka zama romon baka. Sai aka bar su a ciki: doka ta hana farauta da faɗaɗa gona, hanya mai kyau ba a so a yi don kada ta buɗe gandun, su kuma suna haihuwa suna ƙaruwa. A wannan yanki ne goggon birin Kuros Riba yake, wanda ake ƙiyasta bai kai 300 ba a duk duniya, a warwatse tsakanin tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo da ƙetaren Kamaru. Dabba ce da ta cancanci a kare ta. Amma uwar da ta rasa ɗa a kan hanyar asibiti, idan ta ga baƙi sun zo daga Turai da kyamarori saboda biri, ba sai an gaya maka abin da ke ranta ba. Giwa ma takan shiga gona ta tattake agadar shekara guda a dare ɗaya, kodayake ita ce ke baza irin manyan itatuwa da kashinta, har da mangwaron dajin da ake samun ogbono.

Wurin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Ekuri, ƙauyuka biyu, tsohuwa da sabuwa, a ƙaramar hukumar Akamkpa, a gefen sashen Oban. Suna da kurmin al'umma mai faɗin hekta 33,600. Su ma an kawo musu tayin hanya a bakin daji. Suka ƙi. A 1992 suka kafa ƙungiyarsu ta kula da dajin, suka shata inda za a yi noma da inda za a tsinci kayan daji da inda ba za a taɓa ba, suka sa haraji a kan kayan da ke fita, suka haɗa da aikin gayya da ɗan tallafi daga waje, suka fasa hanyar ƙasa ta kusan kilomita 40 da gadojinta zuwa babban titi. A 2004 suka samu lambar yabo ta Equator daga hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya bambanta hanyarsu da ta ɗan katako shi ne su ke riƙe da ƙofarta. Ba mamaki ba ne ga wanda ya san yankin, don waɗannan al'ummu ba su taɓa zama babu shari'a ba. Tsakanin Ejagham da Efik ƙungiyar Ekpe ta daɗe tana kafa doka da cin tara, kuma rukunin sa'o'i ne ke aikin gari, kamar yadda samari ke gayya a ƙauyukanmu. A tsaunin Mbe ma ƙauyuka tara ne suka haɗu suke gadin dajin da kansu.

Sai dai a takarda dajin ba nasu ba ne yadda suke zato. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A 2015 Gwamna Ben Ayade na Kuros Riba ya fito da shirin babban titi mai tsawon kilomita 260 daga gaɓar teku wajen Kalaba zuwa Katsina-Ala a Binuwai, Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar a watan Oktoba. A Janairun 2016 gwamnatin jihar ta sanar da ƙwace haƙƙin mallaka a kilomita 10 ta kowane gefen titin. Titi ba ya bukatar faɗin kilomita 20, kuma kowa ya san abin da ke tsaye a cikin wannan faɗi. Mutanen Ekuri da ƙungiyoyin kare muhalli suka tashi tsaye, har gwamnatin ta janye ƙwacen a Fabrairun 2017, aka kuma sauya layin titin. Titin bai kammala ba, amma inda katafila ta riga ta bi, itatuwan sun tafi.

Haramcin sare itace da Gwamna Liyel Imoke ya kafa a 2008 ya zo da kyakkyawar niyya, tare da fatan samun kuɗin da ƙasashe masu arziki ke biya don a bar daji a tsaye ya shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. Abin da mutanen ƙauye suka gani daban ne. Su da ke da tsari aka ɗaure wa hannu, ribar da al'umma ke samu daga halastaccen katako ta tsaya, kuɗin da aka yi ta ambata bai iso yadda aka zata ba, masu sara ta bayan fage kuwa ba su daina ba. Gwamna Bassey Otu ya ɗage haramcin a 2023.

Kada a ɗauka ina cewa mutanen ƙauye waliyyai ne. Akwai mai gari da ke sa hannu a asirce, akwai saurayin da ya gaji da jiran ladan haƙuri ya karɓi inji ya shiga daji, kuma Ekuri kanta ba ta tsira daga masu kutse ba a 'yan shekarun nan. Da farashin koko ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya a kasuwar duniya a 2024, wa'azin kare daji ya yi nauyi a kunnen wanda ke da adda da 'ya'ya a makaranta. Koko yana son sabuwar ƙasar kurmi, kuma ko da an bar masa itatuwan inuwa, gonar koko ba kurmi ba ce.

Duk da haka ina ganin kuskure mafi girma shi ne a ɗauki mazaunin daji a matsayin abokin gaban dajin. Mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin abin da ke faruwa da dajin da hukuma ta ce nata ne amma ba ta ciki. Kamuku da Rugu da Sambisa duk gandaye ne a takarda. Da aka wayi gari babu mai gadi, babu kuma al'ummar da ke jin dajin nata ne, mun ga waɗanda suka gaje su. Ma'aikatan gandu kaɗan da babura ba za su tsare murabba'in kilomita 4,000 na duhun itace da tsaunuka ba. Wanda ke jin ƙarar inji da asuba, ya san daga wane rafi take fitowa, shi ne ɗan ƙauyen, kuma zai fita ya tare ne kawai idan yana da tabbacin cewa itacen da ya hana sarewa yau ba za a ba wani shi gobe da sa hannun ofis ba. Wannan tabbaci takardar mallaka ce ta al'umma wadda sanarwar jarida ɗaya ba za ta rushe ba, da kaso bayyananne daga duk abin da ya fita, da ƙaramar hanya mai kwalbati wadda babur da motar asibiti za su bi, shingenta a hannun gari. Akwai kuma abin da ke rage tsadar nisa ba tare da katafila ba: gadar ƙafa a kan rafin da ke cika, ɗakin shan magani mai firjin sola, horar da 'yar garin ta zama ungozoma maimakon turo baƙuwar da za ta gudu, rumfar busar da koko.

Mu ma muna da ruwa a ciki, har a zahiri. Iskar damina da ke kawo mana hadari daga teku ta kan kurmi take ratsowa, itatuwan kuma suna mayar da ruwan da suka sha zuwa sama, iska ta ƙara gaba da shi. Sannan mu ne kasuwar. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa koko da katako da manja da roba da wasu kayan ba za su shiga kasuwarta ba idan daga filin da aka sare bayan 31 ga Disamba 2020 suka fito, kuma mai kawowa sai ya nuna ainihin inda gonar take a taswira. An ɗaga fara aiki da ita, kuma akwai fargabar cewa ƙaramin manomi marar takarda ne zai fi shan wahalarta. Amma katakon da ake yankawa a Boki ko Akamkpa ba duka ke ƙetare teku ba. Mai yawa Arewa yake yowa a bayan tirela, ya zama rufin gidajen da ake ginawa a Lugbe da Rayfield. Makon jiya na raka wani abokina sayen katakon rufi, na tsaya ina sauraron cinikin. Ya tambayi kuɗin tu-bai-fo, ya tambaya ko ya bushe, ya tambaya ko an yi masa feshin gara. Mai kayan ya amsa duka ukun, aka loda.